Rikicin Kujerun Bishop-Bishop: Yadda Cocin Gabas Ya Dare Gida Uku

A ranar 4 ga Nuwamba 2012, a babban cocin Markus da ke unguwar Abbasiyya a Alƙahira, aka ɗaure wa wani yaro idanu da ƙyalle, aka tsayar da shi gaban wani kwanon gilashi. A cikin kwanon akwai 'yan ƙwallaye uku, kowace da takarda mai ɗauke da sunan mutum. Yaron ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya, aka warware takardar aka ɗaga wa jama'a, sai ga sunan Bishop Tawadros. Shi ne ya zama Fafaroman Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, na 118. Wanda ya tsinci labarin a rediyo zai iya cewa, wane Fafaroma kuma, ba ga Benedict can a Rum da ransa da lafiyarsa ba? To ai tun ƙarni na 3, zamanin Bishop Heraklas, ake kiran shugaban cocin Iskandariyya da laƙabin papa, wato baba, tun kafin laƙabin ya zama na bishop na Rum shi kaɗai. Kujerun nan biyu kuwa rabon da ɗaya ta amsa umarnin ɗaya tun shekarar 451.

Kiristancin da muka saba gani a ƙasar nan, Katolika ne ko Angilikan, ECWA ko COCIN ko Baftis, ta Turai da Amurka ya biyo ya iso mana, kuma duk da bambancin ɗarikun reshe ɗaya suka gada a wannan rikici. Su kuwa Kiristocin da almajiri ke cin karo da su a littattafan sira, Najjashi na Habasha da Muƙauƙis na Masar da Hirƙal sarkin Rumawa, ba layi ɗaya suke ba. Limaman Najjashi ba sa cin jibin Ubangiji tare da na Hirƙal, kowane ɓangare yana kallon ɗaya a matsayin ɗan bidi'a. Malaman Musulunci irin su Ibn Hazam da Shahrastani sun kasa Nasara gida uku, Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya. Mai son sanin inda gidajen nan suka samo asali sai ya koma shekara 300 kafin hijira, ya kuma fara da tsarin limaman, domin a kansu wutar ta tashi.

A Sabon Alkawari ana ganin kalmomi uku na Girkanci: efiskofos, mai sa ido a kan jama'a; firesbuteros, dattijo; da diyakonos, mai hidima. Daga nan aka samu bishop da firist da dikin. Da farko ba a ma cika bambanta na farko da na biyu ba. Amma zuwa wajen shekarar 110, Ignatiyus na Antakiya yana rubuta wa ikilisiyoyi cewa kada a yi komai ba da sanin bishop ba. Tsarin ya zauna haka: gari ɗaya bishop ɗaya, dattawa da dikinoni a ƙarƙashinsa, na babban birnin lardi kuma yana gaba da na ƙananan garuruwa. Muddin daular Rum tana farautar Kiristoci, bishop shi ne mutum na farko da ake kamawa, kujerar ba abar kwaɗayi ba ce. Da Sarki Kwastantin ya ba addinin 'yanci a 313, sai lissafi ya sauya. Bishop ya samu ikon yanke hukunci a shari'u, aka sauke wa limamai wasu nauye-nauyen gwamnati, hatsin da ake raba wa gwauraye da matalauta ya koma bi ta hannun coci. Na Iskandariyya ma yana da ɗaruruwan majiya ƙarfi masu ɗaukar majinyata, ga dubban sufaye, wato Kiristoci masu zuhudu da suka keɓe don ibada, a hamada da ke sauraronsa, ga shi zaune a bakin tashar da jiragen alkama ke tashi su ciyar da babban birnin daula. Mutum irin wannan ko gwamna yana shakkarsa.

Kowace babbar kujera kuma tana jingina da sunan wani daga mutanen Littafi Mai Tsarki, tamkar yadda masarautun ƙasar nan ke alfahari da kakan da ya karɓo tuta daga hannun Shehu. Rum ta ce ga kabarin Bitrus da na Bulus a wurinta. Antakiya ta ce Bitrus ya zauna a nan kafin ya tafi Rum, kuma a nan aka fara kiran almajirai Kirista. Iskandariyya ta riƙe Markus, almajirin Bitrus. Urushalima tana da Yakubu, wanda Sabon Alkawari ke kira ɗan'uwan Yesu. Sai ga baƙuwa, Kustantiniyya, birnin da Kwastantin ya buɗe a 330, wadda ba ta da manzo ko ɗaya, sarki kawai take da shi. Daga baya ita ma ta nemo Andarawus, ɗan'uwan Bitrus, aka kuma riƙa tunatar da mutanen Rum cewa a Linjilar Yohanna shi ya riga Bitrus zuwa wurin Yesu.

Rikicin farko a Iskandariyya ya taso. Wani firist mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗan, wato Almasihu, halitta ne mafi girma amma yana da farko, akwai lokacin da babu shi. Ya zuba koyarwar a waƙoƙi har matuƙan jirgi da masu niƙa suna rerawa. Bishop ɗinsa Iskandar ya kore shi, bishop-bishop na wasu garuruwa suka tsaya masa. Kwastantin, wanda bai daɗe da haɗe daular a hannunsa ba, ya tara su a Nikiya a 325, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya. Matsalar da suka tarar ita ce duk ayar da aka kawo, mutanen Ariyus sai su ce sun yarda, su fassara ta yadda suke so. Sai aka nemo kalmar da ba za su iya haɗiyewa ba, homo'usiyos, ma'ana Ɗan da Uban zatinsu ɗaya. Kalmar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya, daga bakin masu falsafa ta fito. Bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu, dukansu daga Libiya, sarki ya kore su tare da Ariyus.

Abu biyu aka shuka a Nikiya da suka yi ta tsiro bayan nan. An yarda a auna imanin mutum da kalmar da ba ta cikin nassi, an kuma yarda sarki ya hukunta wanda ya faɗi awon. Sandar da ka miƙa wa sarki kuwa ba kai za ka zaɓa masa wanda zai doka ba. Atanasiyus, wanda ya gaji Iskandar a 328 ya kuma zama gwarzon kare Nikiya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Korar farko ma ba a kan tauhidi ba ce, abokan gaba ne suka shaida wa sarki cewa ya yi barazanar tsare jiragen alkama. Kwastantin kansa, da ajali ya zo a 337, hannun bishop mai goyon bayan Ariyus ya karɓi baftisma. Gardamar ta sauko har kasuwa. Giregori na Nisa ya yi ƙorafin cewa a Kustantiniyya in ka tambayi kuɗin burodi sai mai sayarwa ya ce maka Uban ya fi Ɗan girma, in ka tambaya ko ruwan wanka ya yi zafi sai a ce maka daga babu aka yi Ɗan.

Taron Kustantiniyya na 381 ya rufe babin Ariyus a cikin daular, ya kuma buɗe wani. Doka ta uku ta taron ta ce bishop na Kustantiniyya shi ke bin na Rum a daraja, saboda birninsa sabuwar Rum ce. Iskandariyya, wadda ta saba zama ta biyu, ta wayi gari ta uku, a bayan garin da jiya-jiya bishop ɗinsa ke ƙarƙashin na wani gari. Ba ta yafe ba. A 403 Tiyofilus na Iskandariyya ya haye teku ya shirya zaman da ya tuɓe Yohanna Kirisostom, shahararren mai wa'azin Kustantiniyya, wanda ya mutu a gudun hijira a 407. A cikin tawagar Tiyofilus akwai ɗan 'yar'uwarsa, wani saurayi mai suna Kirilus. Ya ga yadda ake yi, kuma a 412 ya gaji kawunsa.

A 428 aka ɗauko wani sufi daga Antakiya, Nastoriyus, aka naɗa shi bishop na Kustantiniyya. Mutum ne mai kaifin harshe da ƙarancin dabara. Bai daɗe ba wani firist ɗinsa ya hau mumbari ya ce kada kowa ya kira Maryamu da Tiyotokos, wato wadda ta haifi Allah. Jama'a sun daɗe suna kiranta haka a addu'o'insu, sai gari ya ɗauka. Nastoriyus ya ce a ce Kiristotokos, wadda ta haifi Almasihu. An kuma ruwaito shi yana cewa ba zai iya kiran jariri ɗan wata biyu ko uku Allah ba.

A nan ya kamata a yi wa ɓangarorin biyu adalci, don masu cewa duk siyasa ce kawai ba su saurare su ba. Dukansu sun yarda da Nikiya, sun yarda Almasihu yana da allahntaka da mutuntaka. Tambayar ita ce yaya biyun suka haɗu. Malaman Antakiya tsoronsu cakuɗawa. Allah ba ya jin yunwa, ba ya barci, ba ya mutuwa, to in Linjila ta ce Yesu ya gaji ko ya yi kuka, dole a jingina wannan ga mutuntakarsa, a bar allahntaka a tsarkake. Mai karatu Musulmi, wanda a wurinsa Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, zai gane daga inda wannan fargaba ta fito ko da bai bi su zuwa inda suka tsaya ba. Malaman Iskandariyya kuwa tsoronsu rarrabawa. Suka ce in wanda aka haifa aka kuma gicciye wani mutum ne da Kalman Allah ya raɓa kawai, to mutum ne ya mutu, mutuwar mutum kuwa ba ta ceton kowa. Wanda ya kwanta a komin dabbobi da wanda ya ta da Li'azaru daga matattu dole ya zama shi ɗin ne dai, guda ɗaya. A wurinsu wanda ya ƙi cewa Tiyotokos ya tsaga Almasihu biyu. Kirilus ya riƙe wata jimla, ɗabi'a ɗaya ta Kalman Allah da ya zama jiki, yana zaton ta Atanasiyus ce, alhali daga rubutun Afolinariyus ta fito, mutumin da taron 381 ya riga ya la'anci koyarwarsa. Almajiransa ne suka yaɗa rubutun da sunan manya.

Tambayar tana da nauyi, amma yadda aka yanke ta ba abin alfahari ba ne. Sarki Tiyodosiyus na Biyu ya kira taro a Afisa a 431. Kirilus ya iso da bishop-bishop na Masar, ya haɗa kai da Memnon, bishop na garin. Yohanna na Antakiya da mutanensa suna hanya ta tudu, tafiyar ta yi musu tsawo. Ranar 22 ga Yuni Kirilus ya buɗe taro ba tare da su ba, wakilin sarki ya ce a dakata aka yi kunnen uwar shegu da shi. Kafin dare an tuɓe Nastoriyus, wanda ya ƙi halarta, mutanen gari suka raka bishop-bishop masauki da fitilu. Bayan 'yan kwanaki Yohanna ya iso, ya kira nasa taron, ya tuɓe Kirilus da Memnon. Sarki ya rasa na yi, sai ya amince da tuɓewar duka ukun. Kirilus ya sulale ya koma gida, kuma har yau akwai takardar da ta lissafa kyaututtukan da cocinsa ya aika wa fadawa da matan fada: dardumai, labule, kujerun hauren giwa, zinariya mai yawan da sai da cocin ya ci bashi. Nastoriyus ya ƙare rayuwarsa a tsare a hamadar Masar, ƙasar abokin gabarsa. A 433 Kirilus da Yohanna suka sa hannu a takardar sulhu da ta karɓi Tiyotokos ta kuma yi maganar ɗabi'u biyu. Da a nan aka tsaya, da labarin ya zama wani daban.

Kirilus ya rasu a 444, Diyoskorus ya gaje shi, da zafin Kirilus amma babu wayonsa. A Kustantiniyya wani tsohon shugaban sufaye, Yutikus, ya kai koyarwar ɗabi'a ɗaya ƙarshe, har ya yi nauyin baki wajen cewa jikin Almasihu irin namu ne. Bishop Filabiyanus ya hukunta shi a 448. Diyoskorus ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ga damar kayar da bishop na Kustantiniyya karo na uku. A taron Afisa na 449 shi ya jagoranta. Wasiƙar da Liyo, bishop na Rum, ya aiko ba a karanta ta ba, aka wanke Yutikus, aka shigo da sojoji da sufaye cikin coci, aka tuɓe Filabiyanus, aka kuma ci zarafinsa har ya mutu ba da daɗewa ba. Liyo ya kira zaman taron 'yan fashi, sunan kuma ya bi shi.

Sai doki ya sauya tarihi. A Yulin 450 Tiyodosiyus ya faɗo daga kan dokinsa ya mutu. Yayarsa Fulkeriya ta auri wani hafsan soja, Markiyanus, suka hau mulki, kuma suna neman shiri da Rum. A Oktoban 451 aka tara ɗaruruwan bishop-bishop a Kalkidon, unguwar da yau ake kira Kadikoy a tsallaken Istanbul. Manyan jami'an sarki ne suka zauna a gaba suna jan zaman. An ajiye rahoton taron, kuma mai karanta shi zai ji hayaniya: ana ihun a fitar da wane, ana ihun Bitrus ya yi magana ta bakin Liyo. Bishop na Urushalima, Yubenal, wanda ya tsaya da Diyoskorus shekara biyu da suka wuce, ya tashi ya sauya wurin zama a gaban kowa, ya kuma tashi daga taron da ƙarin girma ga kujerarsa. An tuɓe Diyoskorus bisa laifin abin da ya yi a 449 da ƙin amsa kira sau uku.

Da aka zo rubuta aƙida, daftarin farko ya ce Almasihu ya kasance daga ɗabi'u biyu, abin da Diyoskorus ma ya ce ya yarda da shi. Wakilan Rum suka ce ko a gyara ko su tattara su koma a yi taron a Italiya. Jami'an sarki suka tambayi zauren, Liyo kuke bi ko Diyoskorus? Aka gyara ya zama a cikin ɗabi'u biyu, ba cakuɗuwa, ba sauyawa, ba rarrabuwa, ba rabuwa. A Girkanci daga shi ne ek, a cikin kuma en, harafi ɗaya ke tsakaninsu. Sai dai ma'anar ta yi nisa: mai cewa daga yana nufin biyun sun haɗu sun zama ɗaya, mai cewa a cikin yana nufin har bayan haɗuwar ana iya ƙirga biyu, abin da kunnen Bamisire ke ji a matsayin Nastoriyus ya dawo ta taga. Bishop 13 na Masar suka zube ƙasa suna roƙon kada a tilasta musu sa hannu, suka ce in sun koma gida kashe su za a yi. Kafin a watse kuma aka ƙara doka ta 28, wadda ta sake tabbatar wa Kustantiniyya matsayi na biyu ta kuma faɗaɗa ikonta. Liyo ya karɓi aƙidar ya ƙi dokar. Ko a ranar nasara, maganar kujera tana nan a gindin maganar tauhidi.

Tsoron bishop-bishop na Masar ba na banza ba ne. Sarki ya ɗora Furoteriyus a kujerar Markus da ƙarfin soja. Da labarin mutuwar Markiyanus ya iso a 457, jama'a suka rutsa Furoteriyus a wurin baftisma na coci suka kashe shi, suka ja gawarsa a titi. Daga nan sarakuna suka yi ta gwada dabaru. Zeno ya fitar da takardar haɗin kai a 482 wadda ta kauce wa ambaton ɗabi'a ɗaya ko biyu, sai Rum ta fusata ta yanke hulɗa da Kustantiniyya daga 484 har 519. An gudu ba a tsira ba. Justiniyan, da ya hau a 527, yana bin Kalkidon, matarsa Tiyodora kuwa tana ɓoye limaman ɗaya ɓangaren a cikin fada. Da za a aika masu bishara ƙasar Nuba, arewacin Sudan ta yau, kowannensu ya tura nasa, Tiyodora ta aika wa gwamnan kudancin Masar cewa ya tsare na mijinta har nata ya wuce. Nata ɗin, Yuliyanus, shi ya fara isa. Habasha kuwa tun da Atanasiyus ya naɗa mata bishop na farko, Furumentiyus, daga Masar ake aiko mata da Abuna, wato shugaban cocinta, don haka inda Iskandariyya ta karkata nan ta bi. Sai a 1959 ta samu batrik, wato babban shugaban coci mai cin gashin kansa, ɗan ƙasa.

Abin da ya mai da saɓani ya zama coci biyu shi ne naɗi. A ƙa'idarsu bishop ne kaɗai ke naɗa firist, in ka kama bishop-bishop na wata ƙungiya ka tsare, cikin shekaru kaɗan za ta rasa mai yi mata baftisma. Haka masu ƙin Kalkidon a Sham suka kusa ƙarewa. Sai Haris ɗan Jabala, sarkin Larabawan Gassan, ya roƙi Tiyodora bishop, aka naɗa wani sufi mai suna Yakubu wajen 542. Shekara sama da talatin yana yawo a ƙafa cikin tsummokara kamar mabaraci don kada 'yan doka su gane shi, har aka yi masa laƙabi da Baradai saboda tsumman, yana naɗa firistoci da bishop-bishop a ɓoye. Daga sunansa aka samu Ya'aƙubiyya. Su kuma suka kira abokan hamayyarsu Malkawa, mutanen sarki. Gari ɗaya ya koma yana da bishop biyu. Harshe ya ƙara zurfafa ramin, domin sannu a hankali masu ƙin Kalkidon suka koma ibada da Kibɗanci da Suryananci, ko da yake babban malaminsu, Sawirus na Antakiya, da Girkanci ya yi rubutunsa.

Gida na uku a wajen daular yake. Kiristocin Farisa sun sha kisa tun zamanin Sarki Shafur na Biyu bisa zargin cewa 'yan leƙen asirin Rumawa ne. A 424 suka shelanta cewa shugabansu da ke Mada'in ba ya ƙarƙashin kowa a yamma, daga baya kuma suka rungumi koyarwar Antakiya, musamman bayan Zeno ya rufe makarantar Edesa a 489 malamanta suka tsallaka Nasibin ta ƙasar Farisa. Bambanta da aƙidar sarkin Rum kariya ce a gare su. Ana kiransu Nasɗurawa, sunan da su ba su zaɓa wa kansu ba, kamar yadda Kibɗawa ke ƙin a haɗa su da Yutikus. Wannan cocin da aka raina shi ya fi kowa nisan tafiya: mai bisharansa Alofen ya isa babban birnin Sin a 635, akwai kuma dutsen da aka kafa a 781 a Shi'an mai ba da labarin da rubutun Sinanci da Suryananci.

Haka Gabas take lokacin da Musulunci ya bayyana. Hirƙal ya ƙwato Masar da Sham daga Farisa bayan dogon yaƙi, ya kuma so ya ɗinke ɓarakar da sabuwar dabara: a bar maganar ɗabi'a, a ce aikin Almasihu ɗaya ne, daga baya aka ce nufinsa ɗaya ne. A 631 ya tura Kirus Iskandariyya, ya haɗa masa limanci da mulki, mutumin da masana tarihi da dama ke ganin shi ne Muƙauƙis da ya yi sulhu da Amru ɗan Asi. Kirus ya yi amfani da bulala da kurkuku. Biliyaminu, shugaban Kibɗawa, ya ɓuya a gidajen sufaye sama da shekara goma, sai bayan Amru ya karɓi Iskandariyya ya ba shi aminci sannan ya fito.

Ana yawan cewa Kibɗawa ne suka buɗe wa Musulmi ƙofa saboda haushin Rumawa. Maganar ta yi yawa. Yohanna na Nikiyu, bishop Bakibɗe da ya rubuta tarihi a ƙarshen ƙarni na 7, ya kawo wahalar da mutanensa suka sha a yaƙin da nauyin haraji bayansa, ko da yake ya ɗora alhakin faɗuwar a kan zaluncin Hirƙal da Kirus. Abin da ya tabbata ya fi wannan ban sha'awa. Halifa ba ruwansa da ek ko en, jizya yake nema da shugaban da zai tsaya wa jama'arsa. Sai kowane gida ya samu nasa batrik da kotunsa da dukiyarsa, babu mai tilasta masa komawa wani. A Bagadaza, Timoti na Farko, shugaban Cocin Gabas, wato na waɗanda ake kira Nasɗurawa, daga 780 zuwa 823, ya zauna ya yi muhawara da Halifa Mahadi, ɗan cocinsa Hunaini ɗan Ishaƙa kuma ya zama jigon masu fassara littattafan likitancin Girka zuwa Larabci. Rabuwar da sarakunan Rum suka kwashe kusan shekara 200 suna son kashewa da takobi, a ƙarƙashin mulkin Musulmi ta samu wurin zama na dindindin.

A ganina abin da ya faru a ƙarni na 20 ya nuna inda nauyin yake. Da aka zauna babu soja a bakin ƙofa, maganar aƙida ba ta ɗauki dogon rubutu ba. A 1973 Fafaroma Paul na Shida da Shenuda na Uku suka sa hannu a sanarwa ɗaya kan Almasihu, suka bayyana cikakkiyar allahntakarsa da cikakkiyar mutuntakarsa ba tare da ƙirga ɗabi'u ba. A 1984 John Paul na Biyu ya yi irin wannan da Ignatiyus Zakka na cocin Suryani, a 1990 a Shambezi ta Suwizalan malaman Otodoks na ɓangarorin biyu suka amince cewa imani ɗaya suke riƙe da shi da lafuzza daban, a 1994 kuma John Paul ya sa hannu da Mar Dinka na Huɗu na Cocin Gabas, kowa ya yarda da yadda ɗan'uwansa ke kiran Maryamu. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Diyoskorus waliyyi ne a Masar, tuɓaɓɓe ne a littattafan Rum da Girka, Liyo kuma akasin haka. Wani ɓangare yana ƙirga manyan taruka uku, wani bakwai, Katolika 21. Sannan in an haɗe, wa zai sauka wa wani? A yau mutum uku ke riƙe da sarautar Iskandariyya: na Kibɗawa Otodoks, na Girkawa Otodoks da na Kibɗawa Katolika. Antakiya kuwa batrik biyar ke amsa sunanta, uku suna zaune a Dimashƙu, biyu a Labanan, babu ko ɗaya a garin Antakiya kansa.